Ɗingishin Linzamin Zulekhan

Hoton ya fara bayyana ne da hantsi, a rumfar mai shayi ta bakin tasha, cikin wayar wani ɗan kamasho. Kafin a kira azahar babu aljihun namiji a garin Danisar da ba ya ɗauke da shi. Naziran ce, amaryar da ba a daɗe da kai ta gidan Imdad ɗan Ra'is Mubarak ba, kanta babu ɗankwali, gashi kwance a kafaɗa, tana rawa a tsakiyar mata ranar lalle. A bayanta ga wasu matan, na aure da 'yan mata, kowacce a sake, irin sakewar da mace kan yi in ta tabbata babu idon namiji a wurin.

Maza suka yi ta salati. Duk wanda aka nuna wa sai ya nemi tsari da Allah, ya ƙara matso da wayar kusa da hancinsa, sannan ya tura wa na gefensa don shi ma ya ga lalacewar zamani.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Shagon hoto ɗaya ne a garin, na ɗan kasuwar da ake kira Set Jumman, kuma dokar ba ɓoyayya ba ce. Ɓangaren mata, mace ce ke ɗauka, mace ce ke gyarawa, a ɗakin da namiji ba ya shiga. In an buga hotunan a takarda sai a miƙa wa uwar amarya hannu da hannu, a goge sauran. Macen nan kuwa Zulekhan ce, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Kuma an ga Kewal mai gyaran kwamfuta ya shiga ɗakin har sau biyu bayan bikin. Shi ke nan, gari ya haɗa zance ya ɗinke abinsa.

Ra'is Mubarak, mai garin, ya sa zama bayan sallar Juma'a. In ta tabbata, za a kira sunan Zulekhan a gaban maza da sunan da ba a kiran 'yar halas da shi, a ɗora ta a mota ita da yaranta, kada ta sake taka Danisar. Sai dai al'adar garin ba a yanke hukuncin sata sai mai bin sawu ya duba ƙasa, ko da kowa ya riga ya yanke a zuciyarsa. Don haka aka aika wa Wasayo.

* * *

Wasayo ya haura saba'in. Tun yana saurayi yake bin sawun raƙuma da awakin sata a rairayin hamadar Thar. Ba ya karatu, ba ya riƙe waya, ba ya dariya sai dole. Raƙumansa sun ishe shi ci da sha, saboda haka bai iya lallashin masu mulki ba. Ya tarar da otak ɗin Ra'is, zauren da maza ke taruwa, cike maƙil.

"Kaka Wasayo, sannu da hanya," in ji Ra'is. "Aikin ba shi da yawa. Ka leƙa, ka ce ka duba, mu gama ranar Juma'a."

"Sa'in, ranka ya daɗe, me aka sata?"

"Hoto."

"Hoto yana da ƙafa ne?"

"Wanda ya ɗauke shi yana da ita."

"To, wannan magana ce."

Bachal, yayan amarya, ya taso da gatari a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Tun safe yake yawo da gatarin yana huci.

"Ga shi, Kaka, gani da idonka abin da matar nan ta yi mana!"

Wasayo ya kawar da fuska kamar an kawo masa mushe.

"Ɗauke abin nan daga gabana. Ƙanwarka ce ko ba ita ba? Mutum nawa ka nuna wa yau?"

"Don su shaida ne, Kaka."

"Sun shaida. Har da lashe baki."

A kusurwa ango Imdad ya haɗa kai da gwiwa, ana ta tura masa shayi, ana ba shi haƙuri kamar wanda aka yi wa rasuwa. Aka miƙo wa Wasayo nasa kofin, ya ce ya ƙoshi, ya ɗauki sandarsa.

* * *

Da ɗan kamashon ya fara.

"Kai, wa ya ba ka?"

"Turo mini aka yi, Kaka. Ni wallahi ban ma so na gani ba."

"Shi ya sa har yanzu yake aljihunka."

Ɗan kamasho ya nuna wanzami. Wanzami ya ce tela ne. Tela ya rantse da kabarin ubansa cewa direban motar Karachi ne ya cusa masa. Direban yana kwance a ƙarƙashin motarsa yana shan inuwa, bai ko tashi zaune ba.

"Daga Karachi ya zo, Kaka. Yaran garin nan masu aiki a tashar jiragen ruwa suna da wani zaure nasu a waya, nan aka sako shi. Wanda ya sako, Allah masani."

Ashe hoton sai da ya bar gari ya yi tafiyar yini guda, sannan ya dawo. Wannan sawu ne a kan dutse, ba ya bin mutum ko'ina. Wasayo ya tofar da yawu. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne duk cikinsu babu wanda ya goge hoton. Ɓarawon akuya ma, in ka ritsa shi, yakan sunkuyar da kai. Waɗannan kuwa ido cikin ido suke kallonsa, kowa yana jin kansa salihi.

* * *

Ɗakin Zulekhan yana can ƙarshen shagon, da labule a ƙofa. Ba a shiga da takalmi, don Set Jumman ya yi imani ƙurar takalmi ce ke sa wa kwamfuta cuta. Wasayo ya tuɓe nasa, ya yi sallama, ya tsaya yana kallon daɓen. Fes yake, ko tsinke babu.

"'Yata, ke ce ke share nan?"

"Kowace safiya, Kaka."

"Allah Ya shirye ki. Kin share shaidarki da hannunki."

Tana tsaye jikin bango, ta ja mayafi har haɓa. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Me ya kawo Kewal ɗakin nan?"

"Linzami ne ya lalace."

Ta ɗauko wani ɗan abu mai kamar rabin mangwaro daga kan teburin. Ta ce da shi ake jan kibiyar da ke kan fuskar kwamfuta, kuma wannan ba shi da igiya, ta iska suke magana. Ta buɗe farin shafi don kada idon tsohon ya faɗa kan matar wani, ta ja abin zuwa dama. Kibiyar ta tsaya cak kamar ba da ita ake ba. Can sai ta taho tana jan jiki, ta sake tsayawa, ta yi tsalle ta wuce inda aka nufa.

"Ka gani? Ina cire wa gwaggon ango wani tabo a kunci, ya tsaya. Na ƙara ja, sai ya zabura ya kwashe mata rabin hanci. Da wannan zan gama aikin biki?"

Wasayo bai san kwamfuta ba, kuma ba ya fatan ya sani. Amma ɗingishi ya san shi. A aikinsa in raƙumi ya fara jan ƙafa, ba gaba ake bi ba. Baya ake komawa har inda sawun ya fara karkacewa, nan ake tarar da abin da ya faru.

"Yaushe ya fara?"

"Ranar kasuwar dabbobi. Da safe lafiya lau. Na kulle na tafi gida hutun rana, na ba yara abinci, na dawo bayan la'asar na same shi haka."

"Makulli nawa ne?"

"Ni ɗaya, Set ɗaya."

"Kewal fa, yaushe ya zo?"

"Washegari. Na yafa wa fuskar kwamfutar mayafina, na bar masa kusurwa ɗaya kamar tafin hannu don ya ga kibiyar. Set yana tsaye a ƙofa yana cewa yi sauri, yi sauri. Mutumin nan ko ɗaga ido bai yi ba." Ta gyara mayafinta. "Kaka, matan nan a gabana suke tuɓe mayafi saboda sun yarda da ni. Jiya wata da na taɓa ɗaukar bikinta ta ga 'yata a rijiya ta kawar da tulunta. In aka kore mu da wannan suna, wa zai buɗe mana ƙofa?"

Bai ba ta haƙuri ba. Ba ya cikin masu ba da haƙuri kafin su ga ƙasa.

* * *

An farfasa gilashin shagon Kewal da duwatsu. Shi kansa yana ciki, mutum mai sanƙo, ya kai arba'in, zaune a tsakanin matattun injuna. Matarsa ta kwashe yara ta tafi garin iyayenta. Da ya ga Wasayo ya miƙe ya haɗa hannuwa a ƙirji.

"Sa'in, in kashe ni za a yi, a bari in ci abinci tukuna. Tun jiya ban iya leƙa waje ba."

"Zauna. Faɗa mini ciwon abin nan, da harshen da mai raƙuma zai gane."

Kewal ya goge gumi. Da maganar ta koma kan aikinsa sai muryarsa ta daidaita.

"Yawanci batir ne, Sa'in, to na sa sabo. Na juya shi na busa idonsa na ƙasa, har silin gashi na zaro. Teburin kuma gilashi ne a kansa, shi ko ba ya gani sosai a kan gilashi, sai na koma na kawo shimfiɗa. Duk a banza. Abin da ya rage kunnensa ne."

"Har kunne gare shi?"

"Wani ɗan abu ne kamar farcen yatsa, ana soka shi a jikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin tebur. Shi ke jin linzamin. In yana ramin gaba, sarai yake ji. In yana baya, tsakanin ƙarfe da bango, sai ya zama kamar mai kiranka daga bayan tudu. Wata kalma ta iso, wata iska ta tafi da ita."

"Ka duba inda yake?"

Kewal ya zaro ido.

"Ni? In ɗaga mayafin teburin mace in tura kaina ƙarƙashi, tana tsaye a wurin? Da wane kan zan koma gida? Set na tambaya. Ya ce yana gaba, inda na ce masa ya soka tun bara da ya saya. Na yarda."

"Abin yana komawa baya da kansa?"

"Sai an kai shi."

"Sa takalminka," in ji Wasayo. "Ka bi bayana, kada ka kalli kowa."

* * *

Ya biya otak ya ɗauko dattawa biyu su zama shaidu. Zulekhan ta fita ta tsaya bayan labule. Wasayo ya ɗaga mayafin teburin da kan sandarsa, Kewal ya durƙusa ya leƙa.

"Ramin gaba babu komai, Sa'in."

Ya zabura zai zagaya bayan teburin, sai ya ji an cafke masa wuyan riga.

"Tsaya nan, kafin ka tattake mini gona."

Tsakanin teburin da bango akwai ɗan tsagi, daidai yadda mutum zai kutsa a kaikaice. Tsintsiyar Zulekhan ba ta kaiwa can. Ƙura ta kwanta a wurin lumus, kamar garin gero. Wasayo ya sa aka kashe fitilar ɗakin, ya karɓi tocila ya kwantar da ita a ƙasa don hasken ya bi daɓen a kwance. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara.

Ga shi nan. Ƙafar dama cikakkiya, ta hagu rabi. Ƙafa ce siririya ta namiji, mai zurfin ciki, babban yatsan ya ware daga sauran kamar sun yi faɗa. Tafin santsi, babu kaushi, ba ta taɓa sanin rairayi mai zafi ba. Ƙaramin yatsan kuwa bai fito da siffarsa ba. Dunƙule ne, har ana ganin saƙar tsumman da aka naɗe shi da shi.

"Ku matso ku gani," ya ce wa dattawan. "Ku riƙe a ranku, don ranar Juma'a kada wani ya ce tsufa ne ya kama ni."

Ya auna da tsinken tsintsiya, ya karya, ya soke a rawaninsa. Ya nemi faranti ya kife a kan sawun, kamar yadda ake yi a daji. Sannan ya ce wa Kewal ya jawo akwatin ta gaba, a hankali. Ɗan kunnen yana can baya, manne da bango, cikin tarin igiyoyi. Kewal ya zare shi ya soka a gaba.

"Adi Zulekhan, 'yar'uwa, zo ki gwada," in ji Kewal.

Ta shigo ta ɗora hannu. Kibiyar ta bi ta kamar inuwa, dama, hagu, sama, babu jan jiki. Ta sa bayan hannu ta toshe bakinta.

"Me zai sa mutum ya kai shi baya?" in ji Wasayo.

"Ramin yake so," in ji Kewal. "In za ka kwashi hoto zuwa waya, sai ka haɗa ta da igiyar caji. Igiyar gajeriya ce, in ya soka a baya ba zai ga fuskar wayarsa ba. Kuma yana bukatar linzamin, ba zai iya cire kunnen ya yar ba. Sai ya kai shi baya ya ɗauki ramin gaba. Da ya gama ya manta ya mayar, ko kuma ya ji motsi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya shafa gemu.

"Ke nan ɓarawon ya riga Kewal shiga."

"Ɓarnar ɓarawon aka kira shi ya gyara," in ji Wasayo. "Ku kuka biya shi da duwatsu."

Yatsan da aka naɗe shi ne ya tsaya masa a rai. Takalmin biki mai zaren zinariya, irin wanda ba shi da dama ba shi da hagu, shi ne ke cin ƙaramin yatsa haka har ya yi jini. Kewal bai je bikin ba. Amma mazan gidajen biyu duk sun sa sabo.

* * *

Set Jumman yana bayan kantarsa yana goge kyamarar da ba ta da datti.

"Jumman, ranar kasuwar dabbobi, da tsakar rana, wa ka buɗe wa ɗakin nan?"

"Ni? Babu kowa, Kaka. Barci nake."

"Makullin ne ya tashi ya buɗe?"

Gumi ya keto masa. Ya kalli titi, ya rage murya.

"Kaka, ina da iyali. Wannan shagon a filin wani yake. Mutum ya zo cikin rana yana cewa zafi zai kashe shi, ɗakin nan ne kaɗai mai sanyi, Zulekhan ba ta nan. Akwai wanda ba a ce masa a'a. Kada ka sa in faɗi suna."

"Amma kana iya kallon a ɗora mace da marayu a mota."

"Ai na ce ƙila abin zai lafa..."

Wasayo ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya.

"Riƙe sunan. Ƙasa ba ta da shago a filin kowa."

* * *

Bayan sallar Juma'a aka zuba rairayi mai laushi a ƙofar otak, aka share shi da reshen itace har ya kwanta sumul. Garin duka ya hallara, mata suna leƙe daga kan soraye. Wasayo ya faɗi abin da aka gani, dattawan biyu suka ce haka ne. Sannan ya fara kiran waɗanda za su tuɓe takalmi su taka.

Kewal ya wuce. Ƙafarsa gajeriya ce kamar ta agwagwa, har wasu suka yi dariya. Jumman ma ya wuce. Aka share.

"Bachal."

"Ni? Ƙanwata ce fa!"

"Ajiye gatarin, ba da shi za ka taka ba."

Da ya tuɓe takalmi sai ga ɓawon ciwo a ƙaramin yatsansa. Taron ya ɗauki guna-guni, wani ya ce subhanallahi. Bachal ya yi fari fat. Wasayo ya sunkuya ya ɗora tsinkensa a kan sawun, ya miƙe.

"Wannan ƙafar shimfiɗaɗɗiya ce kamar gurasa. Ba shi ba ne. Wauta kawai ke damunsa."

'Yan uwan ango suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Aka sake sharewa.

"Imdad."

Ra'is Mubarak ya miƙe tsaye.

"Kaka, ka san abin da kake yi? Ɗana ne aka ci wa mutunci. Matarsa ce a hoton!"

"Sa'in, kai ka aiko a kira ni. Ka san doka tun kana yaro. In an share ƙasa, wanda aka kira ya taka. In ya ƙi, ya amsa ke nan."

Imdad ya tuɓe takalmi a hankali. Ya taka rairayin yana matse yatsunsa, yana karkatar da ƙafa waje kamar mai tsallake ƙaya. Wasayo ya bar shi har ya kai tsakiya, sannan ya daka masa tsawa.

"Kai, ango!"

Ya juyo a firgice, ƙafar dama ta sauka yadda Allah Ya halicce ta. Siririya, mai zurfin ciki, babban yatsa a ware. Wasayo ya ɗora tsinken, ya zauna daidai daga dunduniya zuwa kan yatsa. Dattawan biyu suka zo suka duba, suka kalli juna, suka sunkuyar da kai. Ɓawon ciwon yana nan a ƙaramin yatsa, bai gama warkewa ba.

"Baba, mutum ɗaya na tura wa," in ji Imdad, muryarsa ta koma ta yaro. "Wallahi mutum ɗaya. Abokaina ne a Karachi suke ta tsokanata, wai an ɗaura mini wadda ban taɓa gani ba, wai ƙila ido ɗaya gare ta. Na roƙi Zulekhan ta ba ni ko guda ɗaya a waya, ta ƙi. Na so su ga cewa..."

Bai ƙarasa ba. Bachal ya yi kansa, aka rirriƙe shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai ɓata wa Wasayo rai. Muryoyin da jiya suke neman a kori mace sai suka yi laushi kamar man shanu a rana. Ai ƙuruciya ce. Ai matarsa ce, ba ta wani ba. Ai magana ce ta cikin gida, a rufa. Wanzamin nan har yana cewa shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba.

"Matarsa ce," in ji Wasayo, bai ɗaga murya ba, amma aka yi tsit. "Na ji. Waɗanda ke bayanta fa, su ma matansa ne? Ni ban kalli hoton ba. Ku da kuka ƙure shi da ido, ku gaya mini, matar wa ce ke tafi a gefen dama? 'Yar wa ce ke riƙe da ganga?"

Wani ya zaro wayarsa a ɓoye yana dannawa a ƙarƙashin riga.

Ra'is ya zauna kamar an zare masa ƙashin baya. Daga ƙarshe ya ce Zulekhan ba ta da laifi, Kewal ma haka, shi zai gyara gilashin. Imdad kuwa zai amsa a gaban surukansa. Ya ce za a aika wa Zulekhan mayafin ajarak, kamar yadda akan yafa wa macen da aka ɓata wa suna don a mayar mata da mutuncinta.

"Ba aike ba," in ji Wasayo. "A gaban gari aka ɓata ta. Ka kai da ƙafarka."

* * *

Da la'asar Ra'is Mubarak ya taka har shagon, maza na biye da shi, kowa ya sa fuskar mutumin kirki. Ya tsaya a bakin labulen da ajarak ɗin a ninke bisa hannuwansa biyu.

"Adi Zulekhan, mun yi kuskure. Daga yau ke ƙanwata ce. Ki bari in yafa miki."

Sannan muryarta ta fito daga ciki.

"Sa'in, makullin Set tukuna."

Jumman ya kwance shi daga ƙugunsa yana ta kame-kame, aka miƙa. Hannunta ya fito ya karɓa, ya koma, ya sake fitowa ya ɗauki ajarak ɗin daga hannun Ra'is, ba ta ba shi kanta ba. Labulen ya ɗan yaye. Wasayo, da yake tsaye a gefe, ya ga ta warware mayafin, ta kaɗe shi, ta lulluɓe kwamfutar da shi tun daga sama har ƙasa, ta gyara gefunan.

"Adi, don kanki aka kawo," in ji Ra'is.

"Kaina a rufe yake tun asali, Sa'in. Wannan ce aka yaye."

Ta saki labulen. Suka ji ƙarar makulli daga ciki.